Tsokar Goggo a Firij

Faɗa ne ya haɗa su. Goggo ta banka ƙofar ɗakin gwaje-gwaje, Auta na biye da jakar magani, kunya kamar ta nutse.

"Ina tsokata? An yanke min ƙari a nono, an dangwala min yatsa a takardar da ban iya karantawa ba, yanzu na ji wai yana firij ɗinku. Ni akuya ce?"

Kowa ya sulale, ban da wani dogon saurayi mai bincike. Ya cire safar hannu, ya jawo mata kujera. Garin miƙo ruwa idonsa ya faɗa cikin na Auta, saura kaɗan kofi ya suɓuce.

Ba a yi wata ba saƙonsa ya fara shigowa wayar Auta: "Sanyin idona, yau na leƙa madubin duba ƙwayoyin cuta sau ɗari, ban ga mai kyanki ba."

Ta mayar: "Malam Dogo, da ciwon daji kake gwada ni? Gyara zance."

Da Goggo ta ji yana neman auren Auta, ta ce sam. "Wanda ya ajiye naman jikina bai tambaye ni ba, shi zan ba 'yar da na raina? Ya dawo min da abina, ko ya manta hanyar gidan nan!"

Auta ta san aikinsa na shekara uku a kan tsokar nan yake. Ta kuma san ba shi ya dangwala wa Goggo yatsa ba. Amma bai fake da wannan ba. Ya gayyace su, ya karanta wa Goggo takardar daga farko har ƙarshe, sannan ya ɗora idonta a madubi.

"Goggo, kin ga jan zaren nan? Jijiyoyin jini ne. Ƙarin yana sakin wani sinadari, furotin, da ke damƙe sukarin da ke jikin jijiya, sai ta yi reshe ta nufo shi. Ta nan yake ci, ta nan yake yaɗuwa. Hannun damƙar muke son ɗaurewa."

"Wato ɓarawo ne, ya ja famfo daga gidan mutane."

"Ya kuma bi bututun ya shiga maƙwabta."

Ya ajiye ƙaramin akwatin da ƙarin ke ciki a gabanta. "Naki ne. In kin ce a ƙone, yau za a ƙone."

Goggo ta tura masa akwatin.

"Da haka aka yi min bayani, wa zai ji bakina? Riƙe shi, ka tona masa asiri kada ya taɓa 'yar wani. Kawo takarda in dangwala da sanina." Ta nuna Auta da haɓa. "Wannan kuwa ita za ka tambaya. Ba za a yi mata irin tawa ba."

Auta ta rufe fuska da mayafi. "Na yarda, Dogona."

Ranar ɗaurin aure Goggo ta haɗa hannayensu. "Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka. Kai kuma, Allah Ya ɗora ka a kan ɓarawon nan."

Gida ya ɗauka da amin.