Jan Zare a Cikin Romo

Sai da Auta ta kusa ganin ƙasan kwanon sannan wani abu ya maƙale mata a haƙori. Ta zaro shi a hankali.

Jan zare ne, har da ƙullinsa.

Ƙullin hannunta.

"Dogo... a ina ka samo naman nan?"

Saurayin nata na tsaye a ƙofar kicin da tawul a kafaɗa, sai washe baki yake. "A firjinki mana, zuciyata. Na ga duk kin rame..."

"Ƙafar tunkiyata ka dafa?!"

Ta miƙe, kujerar ta kife a bayanta.

Jibi za ta shiga jarrabawar fiɗa a makarantar likitan dabbobi, makarantar da ta baro ƙasarsu da kowa nata saboda ita. Ta riga ta faɗi sau ɗaya, wanda ya maimaita kuwa ƙofa ake nuna masa. Shi ya sa ta sayo ƙafar tunkiya wurin mahauci, ta yi kwanaki tana feɗe ta, kowace jijiya da zarenta: ja na jini, rawaya na motsi. A kanta take karatu safe da yamma. Yanzu ga rabin karatun a cikinta, rabi a tukunya.

"Wallahi na zaci mahauci ne ya ɗaɗɗaure," in ji Dogo. "Sai da na zauna na tsince zaren tas..."

"Sannu da ƙoƙari!"

"Amma ai ke ma kin ce ya yi daɗi..."

Da ya sani da ya yi shiru. Cokalin ya wuce ta gefen kunnensa ya daki bango.

"Wa ya buɗe maka gidan?"

"Gimbiya. Ita ta ce kin kwana biyu ba ki ci komai ba, ga nama a firji zai lalace."

Auta ta waiwaya, daidai lokacin da ƙofar ɗaya ɗakin ke rufuwa a hankali. Gidansu ɗaya da Gimbiya, ajinsu ɗaya, ta fi kowa sanin ma'anar zaren nan. Ta kuma daɗe tana yi wa Dogo wata irin gaisuwa mai tsawo.

Wayar Auta ta yi ƙara. Yaya ne daga gida, shi da ke ɗawainiyar karatunta.

"Auta, ina fatan kin rabu da dogon banzan nan. Shi ya kayar da ke wancan karon. Kika sake faɗuwa, ki haɗo kayanki kawai!"

"To, Yaya."

Ta kashe wayar. Abin da ya fi ƙona mata rai, yau kam Yaya ya yi gaskiya.

Ta dubi Dogo. "Fita."

"Masoyiya, ki tsaya..."

"Ka fita, Dogo! Ka ɗauki tukunyarka, kar na sake ganin ƙafarka a nan!"

Washegari da safe aka buga ƙofa. Ta buɗe da kumburarrun idanu.

Shi ne, da leda a hannu, fuskarsa ta yi fari fat. Dogo ɗalibin lissafi ne, mutumin da ko yanke farce ya zarce masa sai ya nemi wurin zama don tsoron jini. Amma takalminsa ya nuna daga mayanka yake.

"Ƙafar gaba ce, ta hagu," ya ce yana miƙa mata ledar. "Irin waccan."

"Aikin kwanaki zan yi a yini ɗaya?"

"Zan riƙe miki."

Ba don ta huce ta ba shi hanya ba, sai don ba ta da mai riƙewar. Ta wurga masa safar hannu, ta ɗauki aska.

"Ɗaga! Ba haka ba, malam mai romo!"

Tana yanka tana masifa. Ba lokacin buɗe littafi, ba lokacin ƙulla zare. "Ka ga wannan? Ita ke miƙar da gwiwa, ita ka fara tafasawa. Wannan ta ƙarƙashinta jini take kaiwa kofato, ita ma ka..."

Ta yi cak.

Yatsunta ne suka kai ta wurin, ba launi ba. Ashe duk kwanakin nan zare take haddacewa, ba nama ba. A ɗakin jarrabawa kuwa babu mai ƙulla wa kowa zare, abin da ya kayar da ita ke nan wancan karon.

"Dogo, ka san me..."

Tim! Ya zube a ƙasa.

Ta taɓa wuyansa, ta ji lafiyarsa lau. Ta tura masa matashi ƙarƙashin kai, ta ce, "Ragon banza," ta ci gaba da aikinta hawaye na zubo mata.

Ranar da sakamako ya fito, a falo ta kira Yaya, Dogo na rakuɓe a bakin kujera.

"Yaya, na ci. Kuma dogon banzan nan zai turo manyansa."

"Ke Auta! Ni kike gaya wa..."

"Ka yi faɗanka, Yaya, ina ji. In ka gama ka sa musu rana."

Da ta ajiye wayar, ta zaro jan zaren nan daga aljihunta, ta fizgo hannun Dogo ta ƙulla masa a yatsa.

"Wash! Zuciyata, ya matse..."

"Ya matse ɗin. Ban huce ba tukuna."

Sannan ta juya wajen ƙofar Gimbiya, wadda ke buɗe kaɗan kamar kullum, ta ɗaga murya.

"Duk abin da aka ga zarena a jikinsa, nawa ne. Wannan karon a taɓa a gani!"