Tauraron Ruwa a Kan Gilashi

Ranar Talata Malamar kimiyya ta shigo aji da kwali cike da ƙananan gilasai, kowanne faɗin tafin hannu. Ta ba kowane mutum biyu gilashi ɗaya da guntun kyandir.

"Ku fara wanke shi da sabulu, ya bushe," in ji ta. "Sannan ku zana abin da kuke so da kyandir. Ta gefe za ku riƙe, kada yatsa ya taɓa tsakiya."

Akwai wata yarinya a layin gaba, komai nata a guje take yi. An haɗa ta da ƙawarta Doguwa, gwanar zane ta ajin.

Yarinyar ta ɗauki gilashin ta tafi famfo. Ta tarar da layi har bakin ƙofa. Sai ta goge shi da tafin hannu ta dawo. Ga shi da safe ta shafa mai sosai.

"Har kin wanke?" in ji Doguwa.

"Tas!"

Doguwa ta sunkuya tana cije leɓe, ta zana tauraro mai kyau, mai kusurwa biyar.

Malama ta fara zagayawa da kwalbar ruwa mai launin shuɗi. A teburin farko ta ɗiga shi cikin zanen kifi. Ruwan ya bazu a hankali, ya kai bakin kyandir ya tsaya cak. Sai ga shuɗin kifi! Yara suka yi tafi.

Da ta zo kan tauraro, ɗigon ya dunƙule ya ƙi motsi. Ta ƙara. Ɗigo nan, ɗigo can.

"Wannan tauraro ne ko ƙyanda?" in ji wani yaro. Aji ya fashe da dariya.

Idon Doguwa ya cika da hawaye. "Ni ce na ɓata zanen," ta ce.

Yarinyar ta ji ba daɗi. Ta miƙe tsaye.

"Malama, ba laifinta ba ne. Ban wanke ba. Da hannu na goge."

Malama ta ɗaga gilashin wajen taga. "Zo ki gani. Ga maiƙon hannunki ko'ina. Ruwa yana son gilashi mai tsabta, shi ya sa yake bazuwa. Kyandir da maiƙo kuwa, gudunsu yake yi. Ke kin yi naki zanen kafin Doguwa ta yi nata."

Da aka fita tara, sauran yara suka tafi wasa. Yarinyar kuwa tana bakin famfo tana cuɗa gilashi da sabulu.

"Yi haƙuri, Doguwa."

"Na haƙura. Amma cire min yatsun nan daga tsakiya!"

Doguwa ta sake zane. Malama ta ba yarinyar kwalbar ta ɗiga da kanta. Ruwan ya bazu, ya shiga kowace kusurwa, har biyar ɗin suka cika.

Suka yi tsalle tare.

Daga ranar yarinyar ta gane cewa aikin da aka tsallake ba ya ɓoyuwa, kuma faɗin gaskiya shi ne farkon gyara.