Ɗaga Hannunka, Kyaftin

Miyar kabeji kawai aka aike shi ya kai. Barbel ta ɗaure tukunyar da tsumma, ta haɗa da burodi guda, ta miƙo wa mijinta yana kan doki.

"Ka ce wa Veit ya shanye tas, ban da gardama. Kuma don Allah ka yanke ta gindin bishiya kada miyar ta huce. Ƙato da kai, tsohon soja, kullum sai zagaye ta bakin kogi."

Veit ƙaninta ne, mai gidan niƙa a ƙasan kwari. Kwana tara ke nan zazzaɓi ya kwantar da shi.

Sunan mijin nata Kyaftin Wendel Rottmann. Yana ɗan shekara goma sha shida ya shiga soja da dogon mashi a kafaɗa. Ya yi saja, ya riƙe tuta, ya ƙare da mutum ɗari biyu a ƙarƙashinsa a yaƙin nan da ya ci shekara talatin. Sau biyu ana harbinsa. Amma hanyar gindin bishiya, shekara ashirin da biyu rabonsa da ita, kuma Barbel ba ta san dalili ba. Ranar dai kunya ta kama shi, ya juya kan doki ya bi ta can.

Ga abin da yake ɓoyewa. Wani hunturu rundunarsu ta sauka a ƙauyen nan, a nan ya auri Barbel, a nan Veit ya shiga soja a ƙarƙashinsa. Wata safiya aka tarar masu gadi biyu sun bar bakin aiki, sanyi ya kora su rumbu sun yi barci: Veit da wani mai bindiga ana ce masa Kilian. Dokar soja ta ce a rataye ɗaya a bar ɗaya, kuma ba kyaftin ke zaɓa ba. Ganga ake ajiyewa a gindin bishiya, kowa ya jefa ƙashin caca mai fuska shida, daga ɗigo ɗaya zuwa shida, a kan fatarta, wanda ɗigonsa ya gaza shi igiya za ta ci. Sojoji na cewa hukuncin Allah ne.

Veit ya jefa huɗu. Kilian ya jefa, ƙashin ya gangaro ya tsaya a gefen ganga, daidai gaban Wendel. Biyar ne. Kafin kowa ya leƙo, Wendel ya kifa tafinsa a kai ya ce, "Biyu."

Kilian ɗin nan fa shi ne ya taɓa goya Wendel ya haye kogi da shi, ranar da harsashi ya fasa masa cinya. Amma Kilian bai yi kuka ba, bai yi zagi ba. Abin da ya ce kawai, "Yallaɓai, ɗaga hannunka in gani." Wendel ya dunƙule ƙashin, ya yi wa saja alama, aka rataye Kilian. Da yamma ya wurga shi a kogi, ya koma gida Barbel ta rungume shi tana godiya ga Allah. Tun daga ranar bai sake yin barci mai daɗi ba.

Rana ta faɗi. Ƙararrawar coci ta buga ta yi shiru. Hazo ya fara tasowa daga gonaki, ga ƙamshin jiƙaƙƙen ganye, ga na miya yana tashi daga tukunya.

Sai wani wari ya shigo. Warin lagwanin bindiga mai cin wuta. Wendel ya san shi sarai, kuma ya san tun da aka yi sulhu ba mai kunna shi a kwarin nan.

Dokin ya toge. Ya zungure shi, ko gezau.

Ƙwas. Ƙwararas.

Ƙarar ƙaramin abu ce yana birgima a kan busasshiyar fata.

Ya sauka don ya ja linzami. Dokin ya fizge, tukunya ta tarwatse a ƙasa, ya ji sukuwarsa tana nisa. Da ya juyo, ga bishiyar a gabansa, ga ganga a gindinta.

Mutum na zaune a bayan gangar. Wuyansa ya karkata, kunnensa na kan kafaɗa. Akwai ƙanƙara a rigarsa, alhali ko girbi ba a gama ba.

"Ka tsufa, Yallaɓai," in ji shi, can ƙasa-ƙasa.

"Kilian."

"Har yanzu ba ka ɗaga ba."

Wendel ya dubi kansa. A durƙushe yake, bai san lokacin da ya durƙusa ba. Tafinsa na dama na kife a kan gangar. A ƙarƙashinsa akwai ƙaramin abu mai kusurwa, jiƙe da ruwan kogi.

Wani abu ya goge shi a kunne daga sama. Igiya ce. Ta zame a hankali ta zauna masa a wuya.

"Igiyar nan ta mutum ɗaya ce," in ji Kilian, "kuma na gaji da riƙon abin da ba nawa ba. In biyu ne, kai ka faɗa, sai ka tsaya wa maganarka ka karɓe ta. In ba biyu ba ne, ta san mai ita."

Wendel ya gane. In ya ce biyu, shi ne. In ya ce biyar, Veit ne.

Ya tuna Veit da dariyarsa da garin alkama a gemu. Ya tuna Barbel. Wallahi ya yi niyyar cewa biyu. Ya ce a ransa shi ya ƙulla, shi ya kamata ya kwance, kuma me ya rage masa a duniya?

Igiyar ta ja.

Gwiwoyinsa suka bar ƙasa. Kunnuwansa suka ɗauki ƙara.

Ta ƙara ja.

"Biyar."

"Ban ji ba, Yallaɓai."

"Biyar ne. Biyar ka jefa."

Ya faɗo rigingine, hannunsa ya bar gangar. Ɗigo biyar, baƙaƙe, a kan farin ƙashi.

Igiyar ta saki wuyansa. Ya ji ta tana jan jiki a cikin busasshen ganye, shaa, shaa, ta nufi gangaren kwari.

Ba ganga, ba Kilian.

Ya tashi ya bi ta a guje da gurguwar ƙafarsa, yana faɗuwa yana tashi, yana kiran sunan Veit da muryar da ba ta fita. Tun daga nesa ya hango ƙofar gidan niƙa a buɗe. Gertraud matar Veit na tsaye a bakinta, hannuwanta a sake.

"Yanzun nan, Kyaftin," ta ce. "Ya fa ji sauƙi. Har ya tashi zaune yana min tsiya, wai ina miyar yayarsa. Kawai sai ya kama wuyansa."

Bayan kwana biyu aka binne Veit. Wendel ya shiga ɗaura ƙyalle a wuya don rufe shatin igiyar, rani da hunturu, mutane suka ce tsufa ne. Hanyar gindin bishiya kuwa yanzu kullum sai ya bi ta da yamma. Yakan tsaya ya daɗe, ya kira Kilian, ya ce ya canza magana. Ba a taɓa amsa masa ba.

Wata rana suna cin abinci Barbel ta ajiye cokali ta dube shi, idonta cike da ƙwalla.

"Ni na san da ka isa da wuri da bai tafi ba. Kullum cewa yake kai ne mai sa'arsa, in kana kusa ba abin da zai same shi."

Wendel ya buɗe baki zai gaya mata komai. Sai ya ga hannunsa na dama ya kifu a kan tebur, ya danne.

"Haka ne," ya ce. "Ci abincinki kada ya huce."