Saiwar da Aka Ba Inna Hansai

Ku matso kusa. Ladiyo, rage fitilar nan. Wannan ba tatsuniya ba ce, ni na san matar.

Inna Hansai ƙanwar kakarmu ce. A zamaninta babu mai haɗa turare kamarta. Da kanta take shiga fadama ta tono kajiji, saiwar nan mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da itace. Ta shanya, ta daka, ta jiƙa a mai. Ko daga bakin zaure ta shinshina, ta san man da ya nuna.

'Ya ɗaya Allah ya ba ta, Uwani. Tana shekara shida ƙyanda ta ɗauke ta.

Hansai ta ɓoye rigar yarinyar, kullum sai ta shinshina. Shekara na zagayowa, rigar ta daina ƙamshin mai ita. Wannan ya fi ranar jana'iza yi mata ciwo.

Ran nan ta tafi tono ita kaɗai, rana tsaka. Tsuntsaye suka yi tsit. Kwaɗi ma haka. Sai ta ji an ce, "Sannu da aiki, 'yar nan."

Wata tsohuwa ce. Hansai ta nutse a taɓo har gwiwa, ita kuwa tsohuwar a kansa take tsaye, ƙafarta fes. Bakinta ba ya motsi. Daga cikin ruwa muryar ke tasowa.

"Yawwa, Iya," in ji Hansai.

"Kina tono kina kuka. Hawayenki sun ishe mu a ƙasa. Me kike nema?"

"'Yata."

"Wanda ya tafi ba ya dawowa. Wannan ya fi ƙarfinmu." Ta miƙo wata saiwa baƙa ƙirin. "Amma ga ƙamshinta. Na yini ɗaya. Ki bar mini hancinki."

"Na bar miki."

Ko numfashi ba ta ja ba kafin ta amsa. Da ta ɗago kai, babu kowa, sai ciyawa na kaɗawa ba iska.

Ta daka saiwar, ta jiƙa a mai kwana bakwai. Rana ta takwas da hantsi ta shafa wa rigar, ta rufe ƙofa.

Uwani ta cika ɗakin. Man shanun kitsonta. Gumin wasanta. Ɗanyen mangwaron da ba ya rabuwa da hannunta. Maƙwabta sun ce sun ji Hansai na dariya, tana cewa, "Zo ki ci tuwo, uwata." Ba wanda ya iya ƙwanƙwasa ƙofar.

Rana na faɗuwa, ƙamshin ya tafi. Ya tafi da sauran duka. Miya ta ƙone a gabanta ba ta sani ba. Ta gwada haɗa turare sau biyu, mata suka karɓa don kunya. Ta gane. Ta rarraba kwalabenta.

Da ta tsufa na taɓa tambayarta, "Inna, kin yi da-na-sani?"



"Na koma fadamar sau tara," ta ce. "Idona na kai wa tsohuwar, ko zan ga fuskar 'yata. Ba ta fito ba."

To kun ji. Kada ɗayanku ya shiga fadama shi kaɗai da rana tsaka, balle in yana da wanda ya rasa. Tsohuwar ba ƙwace take yi ba. Tambaya take yi, mai kewa kuwa ba ya iya cewa a'a.