Baƙin Tukunyar Tasalla

Ku matso kusa. Kulu, rage fitilar nan, hasken na damun Iya. Nomau, in ka san za ka jiƙa tabarma yau, tashi ka tafi wurin babarka tun yanzu. To, zauna. Amma ba na son dariya, ba na son a katse ni. Wannan ba tatsuniya ba ce. Babata ce ta ba ni shi, ita ma sai da ta ga na yi hankali.

Kun san jarfa? Ina fa. Ku lalle kuka sani, wanda ake yi yau, sati biyu ya goge. Jarfa ba ta gogewa. Da allura ake huda fata, a cusa baƙin tukunya a ciki, ya zauna har kabari. Ita ce ɗige-ɗigen da kuke gani a fuskar tsofaffin mata.

A da akwai wata mai wannan sana'a a Gidan Baushe, sunanta Tasalla. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Ladidi. Ba gona, ba akuya. Sai hannunta. Takan bar yarinyar a gida wurin ƙanin mijinta, Jatau, ta ɗauki hanya, ƙauye-ƙauye, ruga-ruga, wani lokaci kwana goma ba ta dawo ba. Kayan aikinta ba su cika ƙwarya ba: allura uku ɗaure da zare a jikin tsinke, tsumma, ɗan man shanu, sai 'yar tukunyar gidanta da take dafa abin da za ta ci a hanya.

In ta sauka gari, bayan kasuwa take shimfiɗa. Budurwa ta kwanta ta ɗora kai a cinyarta, ƙawaye su riƙe mata hannu suna waƙa don kada a ji kukanta. Cinyar Tasalla duk tabon cizo ce. Ranar biki kuma a yi ta yabon fuskar amarya, ba wanda zai ce wa ya yi aikin. In ta nemi ruwa, a wani fasasshen ƙoƙo ake ba ta, wai hannunta na taɓa jini. Matan da ke yi mata haka, aikinta ne a fuskarsu. Ni abin da ke ƙona min rai ke nan a labarin nan, ya fi aljanin da za ku ji ma.

Sana'ar tana da doka biyu, daga uwarta ta gaje su. Ta farko, baƙin da za a sa wa yarinya, daga gindin tukunyar gidan da aka haife ta ake kankaro shi. Ba a yi wa baƙuwa da na gidanka, domin wadda ta ɗauki baƙin murhunka ta zama 'yar gida. Ta biyu, kowace mai jarfa tana da zane ɗaya da take yi wa 'yar cikinta, ba ta ƙara yi wa kowa. Ko yarinya ta ɓata, da shi za a gane ta. Na Ladidi ɗigo uku ne ƙarƙashin idon hagu, da sawun zabuwa a haɓa. Duk Gidan Baushe sun san shi. Tasalla da bakinta ta sha faɗa musu: “Fuska ɗaya ce a duniya mai wannan.”

To, wata tafiya ta zo mata da rashin sa'a. Zamani ya fara juyawa, 'yan mata sun fara cewa jarfa ƙauyanci ce. Gari uku ta shiga, ba wadda ta kwanta mata. A na ukun, wata da ta yi wa aiki ranar aurenta ta leƙo ta katanga ta ce, “Har yanzu kina nan kina ɓata fuskar 'ya'yan mutane?” Tasalla ta ɗaure ƙwaryarta, ta juya gida, cikinta ba komai tun jiya.

Hanyar gida ta Mashigin Ƙirya take bi. Busasshen rafi ne, yashi fari, da wata tsohuwar ƙirya a bakinsa. Ta iso da tsakar rana, lokacin da ba a son mutum ya ratsa irin wurin nan shi kaɗai. Ta sani. Gajiya ce ta hana ta zagayawa.

Ba iska. Ba kukan tsuntsu. Ko ƙuda babu.

A gindin ƙiryar akwai budurwa zaune. Ta tura ƙafafunta cikin yashi har idon sawu, yashin da a lokacin zai gasa ƙwai. Fuskarta sumul, ba tsaga, ba ɗigo, ko hujin kunne babu.

“Sannu, mai jarfa,” in ji ta.

Tasalla ta amsa. Amma ta lura da abu ɗaya. Sai da yarinyar ta rufe baki, sannan maganar ta iso.

“Na daɗe ina jiran ki. Ina ganin aikinki a fuskar masu wucewa. Daga nan har bakin kogi babu hannu irin naki.”

Ku ji ni da kyau. Shekara ashirin tana wannan aiki, ba wanda ya taɓa faɗa mata haka. Ba yunwa ce ta sa ta sauke ƙwaryar ba. Wannan maganar ce.

“'Yar wane gida ce ke?”

“Nan kusa.”

“To, je ki kankaro min baƙin tukunyarku.”

“Ba ma hura wuta a gidanmu.”

A nan ya kamata Tasalla ta ɗauki kayanta ta yi gaba. Ta dubi fuskar nan, fata mai kyau, ba tabo, irin wadda mai sana'a kan yi mafarkin samu. Ta dubi 'yar tukunyarta a cikin ƙwarya. Ta ce a ranta, baƙi ai baƙi ne, wa zai sani? Ta kife tukunyar, ta kankare gindinta da tsinke, ta kwaɓa da man shanu.

Yarinyar ta kwanta, ta ɗora kai a cinyarta. Kan ba nauyi. Fatar sanyi kamar gindin randa. Ƙafafun kuwa ba ta zare su daga yashi ba.

“Wane iri kike so?”

“Zan nuna miki.” Ta ɗora yatsa ƙarƙashin idonta na hagu. “Nan.”

Tasalla ta soka allura. Ta kai tsumma za ta goge, tsumman ya dawo a bushe. Ba jini. Yarinyar ba ta motsa ba, ba ta ciji cinyar ba, idonta a buɗe yana kallon ta.

“Nan kuma.”

Ɗigo na biyu.

“Da nan.”

Na uku. Sai yatsan ya gangara zuwa haɓa, ya ja layi uku masu haɗuwa a ƙasa. Hannun Tasalla ya tsaya.

“Wannan ba na yi wa kowa.”

“Kin riga kin fara.”

“Zan yi miki wani, wanda ya fi shi kyau.”

“Kin taɓa barin fuska a rabi?”

Ba ta taɓa ba. Kuma ta ji cinyarta ta yi nauyi, kamar an ɗora mata turmi. Ta so ta yi addu'a, harshen ya ƙi juyawa. Hannun kuwa ya san aikinsa, shi ba ruwansa. Tana kuka tana sokawa, har ta gama sawun zabuwar. Babata ta ce Tasalla ba ta taɓa yin aiki mai kyau kamar na ranar ba.

Da ta shafa man shanu ta ɗaga tsumma, fuskar Ladidi ce a cinyarta.

“Na gode, Inna.”

Wannan karon muryar da bakin tare suka tafi. Muryar Ladidi ce, har da 'yar shaƙewar da take yi in ta tashi daga barci.

Abin ya miƙe, ya zare ƙafafunsa daga yashi. Kulu, cika min hannu, kina ji min ciwo. Dugadugan ne a gaba, yatsun suna kallon baya. Ya tsaya, ya girgiza su ɗaya bayan ɗaya, suka juyo daidai. Sannan ya sunkuya ya ɗauki tukunyar.

“Kin gaji, Inna. Bari in riƙe miki. Sai kin iso.”

Ya haura gaɓar rafin, ya nufi Gidan Baushe. Yashin bai nuna sawu ko ɗaya ba.

Tasalla ba ta iya tashi ba sai da inuwar ƙiryar ta karkata. Ta bar ƙwaryar a nan, ta ɗauki allurar kawai, ta sa gudu. Ta isa gari ana shirin magariba. Tun daga nesa ta ji warin barkono da ake turarawa, ta ga taro a ƙofar gidansu.

Yarinya biyu ta tarar, kama ɗaya, zane ɗaya. Ɗaya tana tsaye a bayan Jatau, ta sunkuyar da kai, ɗigonta uku da sawun zabuwarta raɗau. Ɗayar tana durƙushe a ƙasa, an zagaye ta da sanduna, goshinta ya fashe. Fuskarta ba ko ɗigo. Ashe tun da tsakar rana tana cikin daka ta ji fuskarta na zafi, ta shafa, baƙi ya biyo tafin hannunta kamar toka.

“Inna,” in ji ta ƙasan. “Ki faɗa musu ni ce.”

Tasalla ta faɗa kanta ta rungume ta. Jinin goshin ya taɓa mata wuya, da ɗuminsa.

“Wannan ce tawa. Jatau, ka dubi jinin nan. Waccan ba ta da jini.”

“Matar Yaya, tashi daga jikin abin nan,” in ji Jatau. “Ga 'yarki nan da shaidarta.”

“Ni na yi mata shaidar yau. A Mashigin Ƙirya. Da baƙin tukunyata.”

Wata tsohuwa ta ce, “Ke kika ce mana fuska ɗaya ce a duniya mai wannan zanen. Jiya kika yi ƙarya ko yau?”

“Ku soke ta da allura ku gani.”

Sai ta bayan Jatau ta ɗago kai, ta ce a hankali, “Baffa, kada ku bari ta taɓa ni. Tun da ta shigo nake jin tsoronta.”

Shi ke nan. Mutanen da ba su yarda su sha ruwa a ƙoƙo ɗaya da ita ba, a ranar ne za su ɗauki maganarta? Suka ce aljanin rafin ya taɓa ta. Jatau ya ba ta zaɓi: ko ta saki abin da ta rungume ta shiga gida, ko su bar garin tare kafin duhu. Ta goya yarinyar, ƙatuwar budurwa, ƙafafunta na jan ƙasa. Suka fita, yara na jifan su.

Tasalla ta yi ƙoƙarin mayar wa Ladidi da zanen. Ta sayi sabuwar tukunya, ta yi girki har ta yi baƙi, ta soka. Da safe fuskar ta koma sumul. Ta gwada da na gidajen mutane, haka. Sai na gidan da aka haifi yarinyar zai kama. Sau uku tana komawa Gidan Baushe a ɓoye, ta haura katanga. Ta tarar da tukwanen duka an goge su da yashi fes, murhu a share, ko toka babu. Mutanen gari kuwa sai yabo suke yi, wai ba a taɓa yin yarinya mai tsabta kamar Ladidi ba.

Haka suka ci gaba da yawo, uwa na aiki, 'yar na zaune a gefe. Duk garin da suka sauka sai an tambaya, “Mai jarfa, ya 'yarki ba ta da ko ɗigo? Ko tsintar ta kika yi?” Har sunan Ladidi ya ɓace, aka koma kiran ta Baƙuwa. Tasalla ta yi shekara goma sha bakwai tana ƙawata 'ya'yan wasu. A wata ruga ajali ya same ta, a kan tabarmar aro. Ta kamo hannun 'yar ta ce, “Ki yafe min.” 'Yar ta yafe, amma sai da aka rufe uwar da ƙasa, lokacin da ba mai ji.

Nomau, na ga ka juya kana kallon ƙofar ɗakin can. Eh. Wa kuka taɓa ji ana kira Iya Baƙuwa in ba kakarmu ba? Duk tsofaffin unguwar nan, wace ce ba ta da ko ɗigo a fuska?

Kuna dariya in kun ga ta lakato gindin tukunya bayan an sauke tuwo, ta ɗiga a kumatunta sau uku, ta ja a haɓa. Ke Kulu, ran nan har kika ce mata ta rikice. Ba ta rikice ba. Shekara saba'in ke nan tana yi, ko wata rana za ta wayi gari ya zauna.

Gidan Baushe ya tashi tuntuni, kufai ne. Amma masu kiwo sun ce akwai ɗaki ɗaya da bai faɗi ba, ba a ganin hayaƙi a kansa, kuma akwai budurwa a ƙofar tana goge tukunya da yashi. Don haka ko bikin wa ake yi a hayin can, kada ɗayanku ya ratsa Mashigin Ƙirya shi kaɗai, balle da tsakar rana. In kuma wani ya tare ku a hanya ya fara yabon ku, ku duba ƙafarsa kafin ku sauke kaya.

Ku yi shiru, ga ta nan fitowa. Kada wanda ya kalli fuskarta. Kulu, tashi ki miƙa mata tukunyar.