Binciken Asalin Taibatu a Kwalekwale

"Falalu, ka ƙyale ni! Je ka nemi wadda ke da gari!"

"Haba Taibatu, sanyin idona... mi na yi miki?"

Bai yi mata komai ba, bawan Allah. Tun da ruwan madatsar Bakolori ya shanye ƙauyensu a ƙasar Maradun, 'yan ajinta a kwalejin horon malamai suka sa ta gaba. Da an yi zancen garin kowa sai wata ta ce, "Ita ai kifaye ne maƙwabtanta!" Yarinyar da a da ba ta gajiya da hira ta koma shiru. Abinci sai an matsa mata, kullum tana kwance. Da ta zo hutu ta ce ita da makaranta har abada.

Ga dangin Falalu kuma a Talata Mafara sun ce ba za a kai goro ba sai an je garin yarinya an binciki asalinta, yadda aka saba.

"Ina za su je?" ta ce, hawaye shaɓe-shaɓe. "Wa za su tambaya?"

Gwaggo Nagode, wadda ta raine ta, ta aje rariya, ta dubi Falalu. "Kai yaro, kawo mini bappan naka. Ni zan kai shi."

Haka kuwa aka yi. Aka sa Bappa Malami a kwalekwale da babbar rigarsa, ya ƙanƙame gefe yana ta salati. Taibatu na can baya, kai a sunkuye.

Gwaggo ta nuna wasu busassun rassa da suka leƙo saman ruwa. "Ka ga tsamiyar nan? Ƙofar gidanmu ke nan. Rumbunan ubanta suna hagu..."

"Dama, Gwaggo!" Taibatu ta ɗago. "Hagu ai rijiya ce!"

Shi ke nan, baki ya buɗe. Ga gonar albasarsu, ga gidan makaɗa, ga inda kakanta yake kwance. Tana faɗa tana kuka tana dariya, Falalu ya saki baki yana kallon ta.

Bappa ya ɗaga hannu ya yi wa mamata addu'a, ya shafa.

"Ɗiyata, na ga gida, na ga mutanensa. Ki koma ki ƙare karatunki, goro na nan tafe. Amma don girman Allah a fitar da ni daga ruwan nan tukuna!"

Da hutu ya ƙare, ita da kanta ta ɗaure akwatinta.