Kofin Filasko

Kwana shida ke nan Tela bai zaga ba. Ga mutum har mutum, ya ci ado ya tafi shago, ya zauna kan keken ɗinki tun safe har magariba, ba shan ruwa ba motsa jiki, sai biredi da lemon kwalba. To ina ciki ba zai ɗaure ba? In ya shiga banɗaki sai ya share rabin awa yana nishi, ya fito da jajayen idanu. Amaryarsa, wadda watanta biyar a gidan, ita kaɗai ta sani. Sai da ya sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa a gidan ba, domin yana da wata kunya ta banza, kuma ya san bakin yayarsa, wadda aurenta ya mutu ta dawo gida. In ta ji, duk layin ya ji.

Amarya 'yar mai magani ce. Mahaifinta na da rumfar saiwoyi da ganyaye a kasuwa, kuma wannan shi ne laifin da dangin Tela suka kasa yafe mata. Tun ranar da ya ce ita yake so, Hajiyarsa ta ce 'yar boka zai kwaso musu. Shi kuwa ya kafe, don sonta ya riga ya kama shi, aka ɗaura aure ana hararar juna.

Ta gwada masa duk abin da ta sani mai sauƙi. Ruwan ɗumi da sassafe, gwanda nunanniya, jiƙon tsamiya, har cokalin man zaitun, amma shiru kake ji. Ranar nan da hantsi ta shiga kicin ta kira mahaifinta a waya.

"Baba, a ɗaure yake tamau, yau kwana shida. Nawa zan zuba masa?"

Tsohon ya ce ta ɗebi ganyen filasko ɗan kaɗan da yatsu uku, ta jiƙa a ruwan zafi, kofi ɗaya ya isa, kuma kar a mai da shi abin kullum don yana murɗa ciki. Ya ƙara da cewa in bai zaga ba gobe su tafi asibiti. Sannan ya ja mata kunne sosai: ita kar ta kuskura ta ɗanɗana, tunda ta ce masa ta yi ɓatan wata biyu.

Ashe Yaya na laɓe a bakin taga. Cikin duk maganar nan kalma biyu ta tsinta, a ɗaure, da zuba masa. Ta jira har Amarya ta tace jiƙon a kofi, sannan ta banko ƙofa. Kafin yarinyar ta juyo ta ɗauke ta da mari, ta shaƙi wuyan rigarta, ta ja ta a ƙasa har tsakar gida tana ihu wai yau asirin 'yar boka ya tonu, da kunnenta ta ji ana cewa an ɗaure mata ƙane.

Hajiya ta fito da carbi a hannu. Wallahi da ta tsaya ta yi tambaya ɗaya da hankali, da magana ta ƙare a nan. Amma wanda ya daɗe yana jiran laifinka ba ya neman shaida. Ta sa aka ɗauko kofin, ta shinshina, ta ce a faɗa mata na mene ne. Amarya na kuka ta ce magani ne, su yi wa Allah su jira shi ya dawo, shi zai yi musu bayani. Maganin me? Ta tuna rantsuwarta, ta ƙi faɗa.

Nan Yaya ta zaro wayar caja ta shiga tsula mata, a baya, a hannu, a wuya, ko ina ta samu. Amarya ta duƙunƙune ta rungume mararta, ta ba su bayanta. Matan maƙwabta suka cika gidan, masu ba da haƙuri biyu, 'yan kallo goma. Hajiya ta ce abu mai sauƙi ne, in ba sammu ba ne ta shanye a gabansu.

"Hajiya, ba zan iya sha ba. Ciki ne da ni."

Yaya ta yi wata dariya, ta ce ƙaryar mayya ce, yanzu ta ƙirƙiro. Ta haye kanta, ta danne ta da gwiwa, ta toshe mata hanci, ta dinga dukan haƙoranta da bakin kofin silba don ta buɗe. Yarinyar ta datse baki. Leɓenta ya fashe, haƙori ɗaya ya karye, jini ya ɓata mata gaban riga, amma ko ɗigo ba ta haɗiya ba.

A haka Tela ya shigo, dafe da ciki, don ciwo ne ya sa ya rufe shago da wuri. Ya fizgi yayarsa ya watsar da ita gefe har ta bugi randa. Hajiya ta sha gabansa, ta ce yanzu-yanzu ya rubuta wa yarinyar nan takarda, in ba haka ba ba ta yafe masa nonon da ya sha ba.

Ya dubi matan da suka cika gidan. Abin takaici, bawan Allah nan har yanzu kunya na cinsa. Sai ya sunkuya ya ga matarsa a ƙasa, baki duk jini, tana kallonsa. Zuciyarsa ta karye.

"Hajiya, kashi ne ya gagare ni. Kwana shida ban yi ba. Cikina ne a ɗaure, ba ni ba. Ni na sa ta rantse kar ta faɗa, kuma ciki ne da ita, nawa ne."

Ya ɗauki kofin ya shanye abin da ya rage. Ba wadda ta yi dariya. Carbi ya suɓuce daga hannun Hajiya. Shi kuwa ya sungumi matarsa ya yi waje yana cewa sori, don Allah ki yafe mini, hawaye na zubo masa.

A asibiti aka ɗinke leɓen, aka yi sikanin. Nas ta ce cikin na nan lafiya, amma da an ƙara minti kaɗan a kanta, sai yadda Allah ya yi. Yaya ta tattara ta koma wajen kawunsu, don Tela ya ce ba zai sake haɗa rufi da ita ba sai matarsa ta yafe da bakinta.

Washegari Hajiya ta zo da fulas, ta tsaya a bakin gado ta kasa zama. Tsohuwa mai furfura ta durƙusa wa surukarta. Amarya ta yi maza ta kama hannunta, ta ce ta yafe duniya da lahira, ai uwa ba ta durƙusa wa 'ya. Daga ranar Hajiya ba ta sake kiranta da komai ba sai 'yata.

Haƙuri ya biya Amarya, amma bai mayar mata da haƙorinta ba. Don haka 'yan'uwa, in kun ji rabin magana ku nemi sauran kafin ku ɗaga hannu. Ku kuma maza, ciwo ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne mace ta sha duka tana rufa maka asiri.